Karar Potiskum da Lissafin Abin da Ido Ba Ya Gani

Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil da Azare tana shiga Potiskum ta yamma, kuma tun kafin matafiyi ya iso gari, motocin da yake cin karo da su sun riga sun faɗa masa sana'ar mutanensa. Tireloli ne bi da bi, waɗansu shaƙe da buhunan gero da wake, waɗansu kuma ƙahonin shanu ke leƙowa ta tsakanin ƙarafunansu, samari na zaune a sama suna lura kada wata saniya ta kwanta sauran su tattake ta. Potiskum mahaɗa ce. Hanyar Bauchi da Jos ta nan take bi, ta gabas ta miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri, ta arewa ta nufi Gashuwa, ta kudu ta gangara Fika da ƙasar Gombe. Sarakuna biyu ke zaune a garin, Mai Potiskum da Sarkin Fika, wanda aka dawo da fadarsa nan a 1924. A bakin titi kunne zai ji Ngizimanci da Karekare da Bolanci da Fillanci da Barbarci, amma da Hausa ake ciniki.

Wanda ya zo garin bai leƙa kara ba, da sauransa. Tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, kuma ranar da take ci ƙura ce ke fara yi wa baƙo maraba. Ga fararen Bunaji, ga jajayen Rahaji masu dogayen ƙahoni, ga Bokoloji, a gefe guda kuma ragunan Balami da Uda da awaki ba iyaka. Daga Borno ake kawo su, da Nijar da Chadi, a wuce da su Legas da Fatakwal da Anacha. Dillali a nan yana iya duban bijimi sau ɗaya ya faɗi abin da mahauci zai samu a jikinsa, ya ɗaga leɓen saniya ya gane shekarunta, ya lura da yawun da ke dalala daga bakinta ya ja baya. Wannan ilimi ne na gaske, sai dai iyakarsa inda ido ya tsaya. Dabbar da ta kwana uku da kamuwa da cuta tana iya tsayawa garau a kara, ta sha ruwa a kwami ɗaya da ɗaruruwa, washegari ta kwana a wata jiha. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: garin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu yana da babban rabo a wani fannin kimiyya da ake ɗauka na Turawa ne zalla, wato kwaikwayon yadda guntun furotin na ƙwayar cutar bairos yake naɗewa a cikin tantanin ƙwayar jiki, da taimakon kwamfuta. Kuma a duk fannonin binciken cututtuka na zamani, da wuya a sami wanda ƙofarsa ta fi wannan sauƙin shiga ga mai ƙaramin ƙarfi.

Kowace ƙwayar jiki, ta mutum ce ko ta akuya, lulluɓe take da tantani na maiƙo mai ruɓi biyu. Kaurinsa kamar nanomita 5 ne, ma'ana sai an jera 200,000 kafin su cika milimita ɗaya. Bairos ba ya hayayyafa da kansa, dole sai ya shigar da sinadarin gadonsa cikin ƙwayar jiki, kuma wannan tantani ne ya tare masa hanya. Da yawa daga cikinsu, irin su na mura da ƙyanda da zazzaɓin Lassa da ƙanjamau, su ma suna da nasu lulluɓin na maiƙo, don haka dabararsu ita ce su narkar da nasu cikin na ƙwayar jiki su zama ɗaya. Tantani biyu ba sa haɗuwa haka kawai, domin ruwan da ke manne a fuskar kowanne yana hana su taɓa juna. Furotin da ke tsaye a bayan bairos ɗin shi ke tilasta su. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, kuma a jikin wannan sarƙa akwai wani ɗan guntu mai ƙin ruwa da son maiƙo, wanda bai wuce amino asid ashirin da 'yan kai ba. Yana nan ɓoye kamar wuƙa a cikin kube. A wajen bairos ɗin mura, ƙwayar jiki ce da kanta take haɗiye shi cikin wata 'yar jaka, jakar ta fara tsami, tsamin ya sa furotin ya sāke siffa, guntun ya zaro ya yi tafiyar kusan nanomita 10 ya soki tantanin jakar. Daga nan furotin ya lanƙwashe ya janyo tantanin biyu har su haɗe. Ian Wilson da John Skehel da Don Wiley ne suka fitar da siffar wannan furotin a 1981, siffarsa ta bayan tsami kuwa sai a 1994 aka gan ta.

Abin da ya daɗe yana ba masana wahala shi ne abin da guntun yake yi bayan ya shiga maiƙon. A cikin ruwa ba shi da tsayayyiyar siffa, sai ya taɓa tantani yake murɗewa ya naɗe, kuma irin naɗin da ya yi shi ke yanke hukuncin ko cuta za ta shiga. An gwada canja amino asid ɗinsa na farko kaɗai, daga gilaisin zuwa balin, sai haɗuwar ta tsaya cak. A 2001 Lukas Tamm da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka auna guntu mai amino asid 20, suka ce yana buɗewa ne kamar harafin V da aka kifa. Duniya ta karɓi wannan hoto har shekara tara. A 2010 Justin Lorieau da John Louis da Ad Bax suka sāke awon da amino asid 23, sai ga shi hannuwan biyu sun manne da juna tsam. Ukun da aka bari a baya su ne ke riƙe da naɗin. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya sa a kwalba ya auna, kuma dukansu a cikin dunƙulen sinadarin sabulu suka yi awon, domin na'urar awon ba ta iya karanta guntun sosai a cikin tantani na ainihi. Wannan giɓi tsakanin abin da na'ura ke iya gani da abin da ke faruwa a jikin dabba shi ne wurin aikin kwamfuta.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta, yawan lissafin ne ke da ban tsoro. Mai bincike yana gina ɗan yankin tantani a cikin kwamfuta, ya zuba masa ruwa da gishiri, ya ajiye guntun furotin a kai, duka ya kama ƙwayoyin zarra dubu goma-goma ko fiye. Kowace ƙwaya an san nauyinta da cajinta da yadda take jan maƙwabciyarta ko tunkuɗe ta. Kwamfuta sai ta lissafa ƙarfin da ke kan kowacce, ta matsar da ita bisa dokar motsi ta Newton, ta sāke lissafawa. Kowane taku yakan zama femtosakan 2, femtosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Kafin a ga abin da ke faruwa a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, sai an yi taku miliyan 500. Lokacin da Andrew McCammon da Bruce Gelin da Martin Karplus suka fara yi wa furotin wannan lissafi a 1977, abin da suka iya gani bai kai kashi ɗaya cikin biliyan 100 na daƙiƙa ba. A 2013 Karplus da Michael Levitt da Arieh Warshel suka karɓi kyautar Nobel kan wannan fanni. Da irin wannan lissafi ne Peter Kasson da abokansa suka nuna cewa guntun furotin ɗin mura yana hargitsa maiƙon da ke kewaye da shi har jelar wasu ƙwayoyin maiƙon ta leƙo waje, kuma leƙowar nan ita ce mafarin haɗuwar tantanin biyu. Ba a taɓa samun na'urar da ta ɗauki hoton wannan ba, lissafi ne ya hango shi.

Dattijon da ya ga jiya zai iya tsayar da maganar a nan, kuma hujjarsa mai nauyi ce. Cutar shanu ta bushiya ta shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1890 ta kusa ƙarar da garkunan Fulani. Saboda ita aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924. Babban gangamin rigakafinta na ƙasa da ƙasa a yankin Tafkin Chadi aka fara shi a 1962, ta sāke dawowa Najeriya a 1983 ta yi ɓarna, daga ƙarshe a 2011 aka shelanta cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Allurar da Walter Plowright ya haɗa da malaman dabbobi da suka bi ruga-ruga su suka yi wannan aiki, ba tare da kowa ya lissafa naɗin wani furotin ba. Gaskiya ne. Amma bushiya abokiyar gaba ce mai sauƙin hali ta fuska ɗaya: nau'inta ɗaya ne a wajen garkuwar jiki, allura ɗaya tana kare saniya har ƙarshen ranta. Cututtukan da suka rage a kara ba duka ke da wannan hali ba. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, yana da nau'i bakwai, kuma rigakafin wannan ba ya kare dabba daga wancan. Allurarsa tana lalacewa da zafi, domin ƙwanson bairos ɗin da aka kashe aka zuba a kwalba yana wargajewa, musamman na nau'in O da na SAT2, waɗanda dukansu suna yawo a Najeriya. Wanda ya san ranar Afrilu a Potiskum, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ke samun kwalbar da ta yini a jakar malamin dabbobi. A 2015 masu bincike na Jami'ar Oxford da Cibiyar Pirbright ta Ingila suka yi amfani da wannan lissafi na motsin ƙwayoyin zarra suka zaɓo amino asid ɗin da in an canja shi a mahaɗin ƙwanson zai ƙara masa ƙarko, suka gwada a ɗakin bincike, ƙwanson ya fi jure zafi. Bairos ɗin boru ba shi da lulluɓin maiƙo, don haka hanyar shigarsa daban ce, amma kayan aikin lissafin ɗaya ne.

Ko a ɓangaren furotin mai haɗa tantani, amfanin ya riga ya fito fili. Maganin ƙanjamau mai suna enfuvirtide, wanda aka amince da shi a 2003, shi kansa guntun furotin ne mai amino asid 36, aikinsa ya shiga tsakani ya hana furotin ɗin bairos lanƙwashewa bayan ya soki tantani. Allurar cutar numfashi ta RSV, wadda aka shafe fiye da shekara 50 ana nema, ta samu a 2023 bayan an gano yadda za a ɗaure furotin ɗin a siffarsa ta kafin ya zaro guntunsa, domin wannan siffar ce garkuwar jiki ta fi buƙatar gani. Shanu suna da nasu nau'in RSV mai kama 'yan maruƙa, kuma an gwada dabarar a kansu a 2017 ta kare su. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da majina da zawo, 'yar'uwar bushiya ce da ƙyanda, da irin wannan furotin take shiga, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita.

Matafiyin da ya ɗauki hanyar arewa daga Potiskum zuwa Gashuwa zai faɗa dausayin Haɗeja da Nguru, inda agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa daga Turai da Asiya ke sauka su yi hunturu. A jikin tsuntsayen ruwa bairos ɗin mura ke zaune tun asali. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Abin da ke bambanta murar da ke sa kaza 'yar kasala da wadda ke share keji cikin kwana biyu yana nan daidai bakin guntun da muke magana a kai. Sai an yanke sarƙar furotin a wannan gaɓa guntun yake samun damar zarowa. In gaɓar irin wadda sinadarin hanji da maƙogwaro kaɗai ke iya yankawa ce, cutar ta tsaya can. In an sami ƙarin wasu amino asid da ke ba sinadarin kowane sashen jiki damar yankawa, sai ta bi hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya. Da karanta wannan gaɓa ɗakunan bincike ke yanke hukunci kan haɗarin nau'in da ya ɓulla. Can kudancin Borno kuma ga garin Lassa, inda aka fara gano zazzaɓin da ya ɗauki sunansa a 1969. Sai a 2017 Kathryn Hastie da Erica Ollmann Saphire suka fitar da cikakkiyar siffar furotin ɗinsa ta kafin haɗuwa, shekara 36 bayan na mura.

Wannan tazara ita ce amsar mai cewa a bar wa Turawa lissafin, mu jira sakamako. Kowane mai bincike cutar da ke tsorata ƙasarsa yake sa wa kuɗi. Da korona ta zo a 2020, shirin Folding@home, wanda aka fara a Jami'ar Stanford a shekarar 2000 don mutane su ba da aron kwamfutocinsu na gida a yi lissafin naɗin furotin, ya tara ƙarfin da ya zarce na kowace babbar kwamfuta a duniya a lokacin. Ba a taɓa yi wa cutar akuya irin wannan gayya ba, kuma babu alamar za a yi. Nau'o'in bairos ɗin Lassa da ke Najeriya sun bambanta da na Saliyo a jerin amino asid ɗinsu. Tambayar ko bambancin ya taɓa yadda guntun ke zama a tantani tambaya ce da ta fi damun mutumin Bauchi da Yobe fiye da na Boston.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko kaifi, kuma daga bakin masanan kansu take fitowa: kwamfuta abin da ka faɗa mata take lissafawa. Ƙa'idojin ja da tunkuɗa da ake ba ta kintace ne da aka daidaita da gwaje-gwaje, akwai rukuni-rukuni nasu, kuma an sha ganin guntu ɗaya ya naɗe wata siffa a ƙarƙashin wannan rukuni, ya ba da wata a ƙarƙashin wancan. Tantanin da ake ginawa yakan ƙunshi maiƙo iri biyu ko uku, na ainihi kuwa yana da ɗaruruwa. Lokacin da ake iya lissafawa ma gajere ne, ta yiwu guntun ya maƙale a wata siffa har a kashe na'ura, mai bincike ya ɗauka ita ce ta ƙarshe. Manhajar AlphaFold, wadda ta kawo wa Demis Hassabis da John Jumper rabon kyautar Nobel a 2024, tana hasashen siffar furotin daga jerinsa cikin mintuna, amma tsayayyen hoto take bayarwa, ba ta nuna jujjuyawar ɗan guntu a cikin maiƙo. Duk wannan na yarda da shi, kuma ina ganin haɗari ne na gaske a jami'o'inmu, inda ake iya cika mujalla da hotuna masu launi na sinadarin wani ganye manne da wani furotin, a rubuta cewa an gano magani, alhali ba a taɓa ɗiga shi a kan ƙwayar jiki ko ɗaya ba. Sai dai abin da sukar ta tabbatar shi ne lissafi shi kaɗai ba hujja ba ne. Aikinsa tacewa: cikin canje-canje ɗari da za a iya gwadawa, ya nuna biyar da suka cancanci a kashe musu kuɗin ɗakin bincike. Mai ƙaramin jari shi ya fi kowa buƙatar a tace masa.

Saura maganar wuta da talauci, wadda ba sai an tuna wa ɗan Potiskum ba. Gari ne da ya sha wuya: an kai wa karar hari a watan Mayun 2012, kuma ranar 10 ga Nuwamban 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe ɗalibai fiye da 40 a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin. In aka ce kuɗin da ake da shi a sayi firjin ajiye allura mai aiki da hasken rana a ɗauki ƙarin malaman dabbobi, ba ni da ja, su ne a gaba. Haka kuma ciwon huhu da sammore da hanta, waɗanda ke cin dukiyar makiyayi kullum, ba bairos ke kawo su ba. Amma a duba farashi. Na'urar da ke ɗaukar hoton furotin a daskare miliyoyin daloli ce, ɗakin da ake taɓa bairos ɗin Lassa mai rai kuwa sai ƙasa ta yi da gaske take gina shi. Lissafin fa? Manhajar GROMACS, wadda aka fara a Jami'ar Groningen ta Holan, kyauta ce. Rumbun siffofin furotin na duniya, wanda aka kafa a 1971, a buɗe yake ga duk mai intanet. Guntu mai amino asid 23 a ɗan yankin tantani aiki ne da kwamfutar tebur mai kati irin na masu wasan bidiyo take ɗauka, 'yan faifan sola da batura su riƙe ta. Ba a taɓa ƙwayar cuta, ba a buƙatar sinadarin da zai lalace a tashar jirgi yana jiran kwastan. Abin da ke da tsada shi ne mutumin da ya iya fizis da kemistiri da lissafi, ya kuma san inda manhajar ke yaudara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum malaman kimiyya da sana'a take yayewa, kuma daga irin ajinta ake samun wannan mutum.

Tafiyar kilomita kusan 100 zuwa gabas tana kai mutum Damaturu, inda a 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar da ya yi bincikensa a Jami'ar Sussex kan furotin ɗin da ke da hannu a cutar mantuwa ta tsofaffi. Cibiyar tana da na'urorin hangen ƙwayoyin jiki na zamani, tana horar da matasa, tana kuma bin diddigin ciwon ƙodar da ya addabi yankin Gashuwa. A Vom ana gano cututtukan dabbobi ana haɗa allurai. A Ede ta Jihar Osun, cibiyar da Christian Happi ke jagoranta ita ta fara karanta jerin gadon bairos ɗin korona a Afirka a watan Maris na 2020. Sassan aikin suna nan a warwatse. Malamin dabbobi ya ɗebi majinar akuya a kara, a karanta jerin a Vom ko Ede, wani a Potiskum ko Damaturu ya ɗora bambancin da aka gani a kan siffar furotin ya lissafa, abin da lissafin ya nuna a mayar ɗakin bincike a gwada. A wannan jeri, matakin farko a Potiskum ya fi ko'ina sauƙi, domin dabbobin ƙasashe uku suna kawo kansu wuri ɗaya kowane mako, mataki na uku kuma shi ne mafi arha a cikinsu.